Shu'aibu, 'Yar Farinsa da Kogin Arewa

Shekara bakwai ke nan da muka kai aminina Shu'aibu makwancinsa a wata maƙabarta da ke gefen London, ana yayyafin nan na ƙasar Turawa wanda ba ya ƙarewa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ɗauki alƙalami in ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye, don na san da yana raye cewa zai yi, "Lawal, bakinka dai ba ya ajiya." Bana na ce in faɗa ne ya bari sai mun haɗu. Iyalinsa sun yarda in faɗi abin da zan faɗa, ita ma wadda labarin ya fi shafa ta ce in rubuta.

Tare muka zo ƙasar nan karatu muna samari, shi daga Gumel, ni daga Kano, da niyyar mu yi shekara biyu mu koma gida. Furfura ta zo ta same mu a nan muna lissafin komawa. Ya yi aiki a sashen gidaje na hukumar unguwa har ya yi ritaya, ya zauna da iyalinsa a wani bene a Thamesmead, cikin dogayen gine-ginen simintin nan da sai ka yi doguwar tafiya a bas kafin ka kai. Mutum ne mai sanyin murya, mai tsare girmansa. Ban taɓa ganinsa a waje ba hula ba, ko da ƙanƙara ake yi, sai dai ya ɗora hular sanyi a kan ta gida. Duk abin da ya taso ya tarar a gidan ubansa ya ƙullo shi ya zo da shi London, bai zubar da ko ɗaya a hanya ba.

A cikin abin da ya ƙullo har da kunyar ɗan fari. Kowane Bahaushe ya san ta: uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi. 'Yar farin Shu'aibu sunanta Maimuna. Uwarta, Hajiya Asabe, tun a asibitin haihuwa ta zubar da tata kunyar, bayan ma'aikaciyar jinya ta yi ta tambayarta sunan jaririya tana sunkuyar da kai, har aka fara shawarar a nemo mai fassara. Ni ma da na samu nawa ɗan farin ban daɗe ba na miƙa wuya. Shu'aibu kuwa ya tsaya a kan bakansa. Maimuna ita ce "yarinyar nan", ita ce "'yar gidan nan", in kuma tana kusa, "ke". Ƙannenta biyu yakan kira su da sunansu, ya ɗora su a wuya ya zagaya da su bakin tafkin unguwar. Ita sai dai ta bi su a baya.

Abin da bai lura da shi ba, ni ma sai daga baya na gane, shi ne kunyar nan a gida ba ita kaɗai take tafiya ba. A Gumel idan uba ya kau da kai, akwai kaka da za ta goya yaro, akwai gwaggo da za ta yi masa kirari, akwai maƙwabta da za su riƙa tsokanarsa, "Ubanka kunyarka yake ji, don kai ne babba." Yaro yana tashi ya san shirun nan daraja ce. A Thamesmead kuwa shirun ya zo, kaka da gwaggo suna can gida. Ga maƙwabcinsu, wani mutumin Kumasi ɗan zango, wanda kullum da yamma zai leƙo ta taga ya ƙwala wa 'yarsa ta fari kira duk unguwa ta ji. Maimuna tana ji, tana kwatantawa da nata gidan.

Wani lokaci idan na ratsa kasuwar Woolwich na ga samarinmu na yanzu sun rataya jarirai a ƙirji, suna sumbatarsu a bainar jama'a, suna ɗora hotunansu a waya da suna ɓaro-ɓaro, nakan tambayi kaina me Shu'aibu zai ce. Na san zai gyara hula, ya dubi gefe, ya ce duniya ta zo ƙarshe. Amma ban tabbata ba ko a can cikin ransa ba zai ɗan yi musu hassada ba.

Maimuna ta girma ta zama mai son ruwa. A makaranta aka fara koya musu tuƙin kwalekwale a tafkin unguwar, ta riƙe abin da hannu biyu, har ta kai duk hutu tana bin koguna. Da ta gama jami'a ta kama ɗakinta, zuwa gida ya ragu, ya koma sai Sallah. Sai ga shi ta samu aiki a Kanada. Ta gayyace ni cin abinci a wani gidan abincin 'yan Najeriya a Old Kent Road don ta yi mini sallama, a nan ta fasa mini abin da ke cikinta. Hausa take ji sarai, amma da Turanci take amsawa kamar sauran yaranmu na nan. Ta ce, "Baffa, tunda aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba." Na gyara zama na fara yi mata bayanin al'ada. Ta tare ni ta ce ta san al'adar, Mama ta gaya mata, ta ma karanta. Ta ce son da sai an zaunar da mutum an yi masa bayani kafin ya san ana yi masa shi, ita ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Na koma kan shinkafata.

Ban kwana da maganar ba, na kai wa Shu'aibu. Na ce masa yarinyar nan za ta tsallaka wani tekun da wannan ƙulli a ranta, kuma wanda ya tafi da irin wannan ba ya saurin dawowa. Ya ci gaba da shan shayinsa. Na ɗauka maganar ta bi iska. Bayan 'yan makonni sai ga wayarsa: "Lawal, na yi booking." Na ce na me? Ya ce tafiyar kwalekwale, kusan mako guda, a wani kogi can arewacin Sweden inda hanyar mota ta ƙare, da jagora da tantuna da komai. Shi da yarinyar nan. "Kai ma na sa sunanka." Mutumin Gumel fa, garin da ruwan rijiya ma sai an haɗa da doguwar igiya! Ni kuwa Bakano, iyakar sanina da ruwa bokitin wanka. Na ce masa ruwa ba sa'an kwando ba ne, ya ce ai ba a kwando za mu shiga ba. Abin da bakinsa ya kasa faɗa, ya yanke shawarar zai bi ta har inda take so ya nuna mata da ƙafarsa. Maimuna ta yi mamaki, amma ta yarda.

Ƙaramar mota ta kai mu inda titi ya ƙare ta juya ta bar mu. Daga nan babu gari, babu waya, babu kowa sai mu da itatuwa da sauro, sauron da na Kano ɗan koyo ne a gabansa. Jagorarmu wata 'yar ƙasar ce mai suna Karin, doguwa, marar yawan magana. Akwai wasu matafiya kaɗan, Turawa, kowane kwalekwale mutum biyu. Abinci a cikin ganguna masu murfi, kaya a jakunkunan da ruwa ba ya shiga, kowa da rigar da ke hana nitsewa. Shu'aibu ya ƙara da nasa guzurin: kilishi, yaji, da butar alwala da ya ɗaure a gefen kwalekwale da igiya. Lokacin bazara ne, rana ba ta faɗuwa a can, sai ta sunkuyo kamar za ta tafi ta fasa. Ranar farko muka zauna jiran magariba har gajiya ta kusa kashe mu, daga baya muka koma bin agogon London. Ruwan alwala kuwa, idan ka zuba a hannu sai ka ji shi har cikin haƙori.

Tun kafin mu shiga ruwa Karin ta raba mu. Wanda ya iya tuƙi shi ne a baya, don na baya ke juya kwalekwale. Na gaba shi ne ido, shi yake fara hango dutsen da ke ƙarƙashin ruwa. Ta sa ni a gabanta, don ta ga alamar ni ne babban haɗarin tafiyar. Ta sa Shu'aibu a gaban 'yarsa. Sannan ta kafa doka ɗaya: idan an shiga inda ruwa ke gudu a kan duwatsu, ƙararsa tana cinye magana, don haka na gaba ya fara kiran sunan abokin tafiyarsa da ƙarfi, sannan ya faɗi hagu ko dama. Ta ce kunnen mutum yana tsinto sunansa ko a cikin wace irin hayaniya. Na saci kallon Shu'aibu, na ga ya duƙufa yana gyara igiyar buta.

Kwanakin farko ruwa a kwance yake, kuma na ga abin da ya faranta mini rai. Shu'aibu ya koyi riƙe filafili, wato itacen tuƙi, 'yarsa tana gyara masa daga baya, yana bi ba musu. Inda kogi ya ƙi biyuwa muka sauka muka ɗauki kwalekwale da kaya a kafaɗa muka ratsa daji, yakan faki idonta ya ɗauke jakarta mai nauyi ya bar mata tasa. Idan an zauna cin abinci sai ya zaɓi kilishin da ya fi laushi ya ba ni ya ce, "Miƙa wa yarinyar nan," alhali tana zaune kusa da gwiwarsa. Na ga tana kallonsa wani lokaci, kallon mai jiran wani abu.

Ana saura kwana kaɗan muka iso wani gangare inda ruwa ke tafasa fari fat tsakanin duwatsu. Karin ta sa muka fito muka bi gaɓa da ƙafa, ta nuna wa kowa hanyar da zai bi. Ni da ita muka fara wucewa, idona a rufe, bakina cike da salati. Muka tsaya a ƙasa, ta riƙe igiyar ceto, ta ɗaga filafili sama don na baya su ga inda za su nufa. Sai ga su Shu'aibu sun taho. Akwai wani dutse kwance a ƙarƙashin ruwa wanda ba a ganinsa daga gaɓa. Shi ya gan shi. Daga inda nake na ga ya waiwaya, na ga bakinsa yana "Ke! Ke!" Maimuna kuwa idonta na kan filafilin Karin, ƙarar ruwa ta haɗiye "ke" ɗin. Kwalekwalen ya daki dutsen ta gefe ya kife.

Rigar ta ɗago Shu'aibu, Karin ta jefa masa igiya muka jawo shi inda ruwa bai kai gwiwa ba. Kwalekwalen ya wuce mu a kife, babu Maimuna. Ya miƙe tsaye, ba hula, ruwa na zuba daga gemunsa, ya buɗe baki da wata murya da ban taɓa sanin yana da ita ba a duk zamanmu: "Maimuna! Maimuna! Maimunatu!" Har yau idan na rufe ido ina jin yadda dajin nan ya maido da sunan. Ashe tana ƙarƙashin kwalekwalen, ta riƙe katakon tsakiya, kanta a cikin 'yar iskar da ta rage, kamar yadda aka koya mata. Ba abin da take ji sai rurin ruwa. Sai can a kwana, inda ruwa ya lafa, ta ɓullo tana tura kwalekwalen gaɓa, lafiya lau. Kafin ta waiwayo ya rufe bakinsa, ya juya baya yana share fuska. Su Karin sun ji kiran, amma a wurinsu uba ya kira 'yarsa, ba labari ba ne, ba wanda ya sake tada zancen.

Aka hura wuta, kowa ya watse shanya kaya, muka rage mu uku. Maimuna tana rawar sanyi, ta dube shi ta ce, "Ka ga dutsen, Baba. Ka gan shi, amma ko a nan ka kasa." Na buɗe baki zan yi magana, ya damƙe mini hannu har na ji zafi. Ta tashi ta bar mu. Da muka sauka bakin ruwa alwala na ce masa, "Shu'aibu, don wannan fa muka zo!" Ya ce, "Abin da ka ji amana ne, ka bar shi a kogin nan." Ya ce shi ma ɗan fari ne. Ranar da zai taho ƙasar Turawa ubansa ya rako shi tasha, ya tsaya can nesa gindin wata bishiya, ya ba ƙanen Shu'aibu ƙullin guzuri ya kawo masa, bai matso ba har mota ta tashi. "Ban taɓa shakkar abin da ke ransa ba. Ita ma wata rana za ta gane, ba sai an aika mata ɗan saƙo ba." Na ce masa a Gumel ka girma, ita a Thamesmead. Ya tada salla.

Muka dawo London, Maimuna ta tafi Kanada. Ni da ake yi wa gorin baki ba ya ajiya na riƙe maganar nan shekara biyu, tana cina kamar ƙaya a tafin ƙafa. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to nawa ya yi aikinsa. Maimuna tana kiran uwarta a waya, shi kuma yana zaune kusa ya kasa kunne, in an miƙo masa wayar ya ce a gaishe ta.

Sai ciwon hanta ya kwantar da shi, likitoci suka ce a kira na nesa. Ta zo. Wata ranar da la'asar na same ta tsaye a barandar asibiti ta jingina da bango, ta ce mini, "Baffa, zai tafi bai faɗa ba." Na auna amanar mai shirin tafiya da nauyin da mai rai za ta ɗauka har ƙarshen ranta, na ga ba su zo ɗaya ba. Na gaya mata komai: yadda ya tsaya a cikin ruwa, da hular da kogi ya tafi da ita, da irin muryar. Ta dube ni. Sannan ta tura ƙofa ta shiga, na bi ta. Ta durƙusa a gefen gadon, yarinyar da ban taɓa jin ta amsa wa kowa da Hausa ba, ta ce, "Na'am, Baba."

Ya buɗe ido ya dube ta, ya dube ni. Nan take ya gane. Da 'yar muryar da ta rage masa ya ce, "Lawal, bakinka." Ya juya fuskarsa ga bango. Amma hannunsa ya fito daga cikin bargo yana lalube har ya sami kanta, ya tsaya a nan. Na fita na ja musu ƙofa, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Bai cika mako ba bayan haka.

Yanzu Maimuna ta dawo London, ta yi aure. Duk bazara takan kwashi matanmu na Woolwich da Thamesmead, Hausawan Najeriya da na zangon Kumasi, waɗanda da yawansu ba su taɓa kwana a tanti ba, ta kai su kogunan arewa tare da jagora, da butocinsu ɗaure a gefen kwalekwale. Na ji an ce dokarta ta farko ita ce ta Karin. Da Shu'aibu zai ga matan aure sanye da rigar ruwa a kan hijabi suna ƙwala wa juna kira a tsakiyar daji, na san zai gyara hula ya dubi gefe. Na kuma san da dare ya yi zai kira ni ya ce, "Ka ga abin da yarinyar nan ta yi?" yana ɓoye murmushi.

Ban zo in yanke wa al'adar hukunci ba. Ta raini mutane masu nutsuwa irin Shu'aibu, ta kuma kusa raba shi da 'yarsa a ƙasar da ba a san ma'anarta ba. Bai bar gida ko fili ba, littattafansa an raba, hulunansa suna wurina. Abin da ya rage nasa na gan shi kwanan baya a bakin tafkin Thamesmead. Maimuna ta haifi ɗanta na fari, namiji, aka sa masa sunan kakansa. Na same su tana ɗaura masa 'yar rigar ruwa, tana sumbatarsa, tana ta "Abba, tsaya, Abba, miƙo hannu." Na tsaya na saurara da kyau, ban ji ta ce Shu'aibu ba ko sau ɗaya. Na ce, "To, Hajiya mai doka, ina sunan yaron?" Ta yi dariya, idonta ya ciko. Ta amsa mini da Hausa, Hausarta mai ɗan karkata: "Baffa, na gwada, bakina ya ƙi. Sunan Baba ne." Ta ɗaga shi ta zaunar a gaban kwalekwale, ta shiga baya ta ɗauki filafili. "Amma ni da kaina zan gaya masa dalili. Kuma ranar da dutse ya taso gabanmu, duk kogin sai ya ji."

Allah ya jiƙanka, Shu'aibu, ya haskaka makwancinka. Ka kira, an amsa.